Ra'ayinmu: A Sa Wa Ikon Gwamnati Kan Wayar Tarho Linzami

Duk ɗan Arewa mazaunin Kudu, ko a Agege yake, ko Sabo ta Badun, ko Anacha, ko Fatakwal, ya san abin da yakan fara yi idan ya ji ƙishin-ƙishin wani tashin hankali a gida. Yakan zaro waya daga aljihu ya buga wa iyali. In an ɗauka, hankalinsa ya kwanta, ya koma bakin sana'arsa. In kuwa waya ta ƙi shiga, to, ranar nan ba ciniki, ba barci. Da can akan ce zumunta a ƙafa take, amma ga mutumin da tafiyar kwana da yini ta raba shi da mahaifiyarsa, rabin zumuntar yau a waya take. Saboda haka batun wanda ke da iko da layin tarho, da wanda zai ce ga irin na'urar da za a jona masa, da wanda zai iya kashe shi rana ɗaya, batu ne da ya shafi masu karanta wannan shafi fiye da kowa.

Ra'ayinmu a kan wannan al'amari a fili yake. Gwamnati tana da hakkin sa ido a kan harkar waya, domin ba a barin kasuwa ba sarkin kasuwa. Amma abin da ya faru a ƙasar nan, da abin da ya faru a ƙasashen Turawa tun kafin mu, ya nuna cewa duk sa'ad da aka bar wannan iko ba linzami, talaka da matafiyi su ne ke shan wahalarsa. Za mu yi misali da unguwar Karewa da ke Jimeta, cikin Jihar Adamawa, domin mutanenta sun ɗanɗani abin iri biyu. Sun ga zamanin da gwamnati ce kaɗai mai waya, sun kuma ga ranar da gwamnati ta kashe wayar kowa.

Karewa unguwa ce ta ma'aikata da masu hali, wadda ta bunƙasa bayan da Yola ta zama babban birnin Jihar Gongola a 1976. A lokacin nan harkar waya a cikin ƙasa tana hannun ma'aikatar gidan waya da tangaraho, watau P&T, ta ƙasashen waje kuma tana hannun kamfanin gwamnati na NET. A 1985 aka haɗa ɓangaren tarho na P&T da NET aka kafa NITEL. Ba wani mai sayar da layi sai shi. In kana son tarho a gidanka sai ka cika takarda ka jira, jiran kuwa yakan kai shekaru. Sa'ad da Nijeriya ta sami mulkin kai a 1960 layukan tarho a ƙasar duka ba su kai 20,000 ba. Bayan shekara arba'in, watau a farkon 2001, masu aiki ba su wuce kimanin 400,000 ba, ga jama'a fiye da miliyan 100. Ko a unguwa irin Karewa, inda turakun waya suka kai, gidan da ke da tarho sananne ne, maƙwabta sukan ba da lambarsa ga 'yan'uwansu na nesa, a aiki yaro ya kira mutum da gudu in an bugo. Balle a zo ga Luggere ko Jambutu, balle ƙauyukan da ke hayin kogin Binuwai.

Dattawanmu da suka daɗe a Kurmi ba su manta yadda ake aika saƙo a wancan zamani ba. Ko ka biya mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya, ko ka ɗauki muryarka a kaset ka ba direban babbar mota, ko ka aika gaisuwa ta gidan rediyon Kaduna. Sau da yawa labarin rasuwar uba yakan iske ɗa a Ikko bayan an yi sadakar bakwai. Fataken shanu da ke lodi daga Mubi ko Ngurore su nufo Kudu sukan taho ne a makance, ba su san farashin da za su tarar ba sai sun sauke. Akwai wata magana da aka daɗe ana jingina wa wani ministan sadarwa na zamanin soja, wai tarho ba na talaka ba ne. Shi dai ya musanta, amma abin da ya sa maganar ta zauna a bakin mutane shi ne ta dace da abin da idonsu ke gani.

Kada wani ya ɗauka wannan cuta ta Nijeriya ce kaɗai. Turawan da muka gaji tsarin gidan waya daga gare su haka suka yi wa nasu mutanen, kuma inda abin ya fi fitowa fili shi ne wajen na'urar da ake kira modem. Modem ɗan akwati ne da akan sa tsakanin kwamfuta da layin tarho. Aikinsa shi ne ya mai da rubutun kwamfuta ya zama ƙara, ƙarar ta bi waya, wani akwatin a can inda aka buga ya sake mai da ita rubutu. Ta wannan hanya ce mutane suka fara aika wa juna saƙo daga kwamfuta zuwa kwamfuta, tun kafin intanet ta zama ruwan dare.

A Amurka kamfanin AT&T ne ya riƙe kusan dukkan layukan ƙasar da yardar gwamnati, kuma ya hana kowa jona wani abu da ba nasa ba. Har ɗan kofin da wani kamfani ya ƙera don a ɗora a bakin tarho, kada na kusa ya ji abin da kake faɗa, sai da aka je kotu a kansa, kotu ta ba mai kofin gaskiya a 1956. Bayan wannan wani mutumin Texas mai suna Thomas Carter ya ƙera na'urar da ke haɗa rediyon oba-oba da layin tarho, kamfanin ya ce bai yarda ba. A 1968 hukumar sadarwa ta Amurka ta yanke hukunci cewa kowa yana iya jona na'urarsa muddin ba za ta cuci layin ba. Wannan hukunci ne ya buɗe ƙofa ga masu ƙera modem da na'urar faks da makamantansu, suka shiga gasa, farashi ya sauka. A 1984 aka rarraba kamfanin AT&T ɗin kansa.

A Ingila kuwa, a farkon shekarun 1980 aka kafa hukumar gwada na'urori. Wadda aka amince da ita akan manna mata koren tambari mai da'ira, wadda ba a amince ba kuma jan tambari mai kusurwa uku, alamar haramun ne a jona ta. A Jamus ta Yamma abin ya fi tsanani. Gidan wayar gwamnati ne mai layi, shi ne mai ba da hayar modem, shi ne kuma mai ba da izini, kuma wanda aka kama da modem marar lambar izini yana iya gurfana gaban shari'a. Da tsada ta ishi matasa masu sha'awar kwamfuta, sai wata ƙungiyarsu a birnin Hambug ta buga yadda mutum zai haɗa nasa a gida a tsakiyar shekarun 1980. Suka yi amfani da robar bututun bayan gida, a cusa kan tarho a ciki ƙarar ta wuce ba tare da an taɓa wayar gwamnati ba. Sai a 1990 gidan wayar Jamus ya saki wannan kasuwa.

Hujjar da hukumomin nan suka riƙa kawowa ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Na'urar da ba a ƙera da kyau ba tana iya tura wutar da ta wuce kima cikin layi, ta lalata injin haɗa waya, ko ta ji wa ma'aikacin da ke kan turke rauni. Inda aka yi kuskure shi ne mai sayar da kaya shi ne kuma alƙalin kayan abokin gasarsa. Wanda ke cin kuɗin hayar nasa akwatin, yaya za a yi ya yi saurin amincewa da na wani wanda ya fi araha? Ƙasashen da suka raba alƙali da ɗan kasuwa da wuri su ne suka riga saura cin moriyar kwamfuta da intanet. Wanda ya riga ka barci kuwa, dole ya riga ka tashi.

Mu a nan mun makara, amma mun bi sahu. A 1992 aka kafa Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, da dokar soja mai lamba 75. A Janairun 2001, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, hukumar ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kowane kamfani ya biya dala miliyan 285. A watan Agusta na wannan shekara MTN da Econet suka fara aiki. Da farko layi yakan kai Naira dubu 20, minti ɗaya kuma Naira 50, ko da gaisuwa kawai ka yi ka kashe. Da Globacom ya shigo a 2003 ya fara lissafi da daƙiƙa, sauran ba su da zaɓi sai su bi. Yau layukan da ke aiki a ƙasar nan sun haura miliyan 150. Mai shayi a Obalande da mai gadi a Ikeja suna jin muryar 'ya'yansu kowane dare, suna tura kuɗin cefane ta waya kafin a sauko daga sallar azahar. NITEL kuwa, bayan an yi ta neman mai saye ana fasawa, a 2015 aka miƙa kadarorinsa ga wani kamfani mai zaman kansa. Abin da gwamnati ta kasa yi cikin shekara arba'in tana mai kaya, an yi ninkinsa cikin 'yan shekaru da ta koma mai sa ido.

Har yanzu doka ta ce kowace irin waya ko modem ko na'urar rarraba intanet sai NCC ta gwada ta amince kafin a sayar. Ba mu ƙi wannan ba. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu da wayar hannu da caja suke cin abinci a kasuwannin Ikko, sun kuma san yadda jabun kaya ke ɓata tsakaninsu da masu saye. Abin da muke cewa shi ne a tare jabu a tashar jirgin ruwa da filin jirgin sama, a kama babban mai shigo da shi, kada a bar shi a zo ana ƙwace tiren yaron da ya sari guda goma. A kuma riƙa ba da izini da wuri in na'ura ta cika ƙa'ida. A nan ma Nijeriya ta yi abin a yaba, domin ta ba Starlink, mai kawo intanet ta tauraron ɗan Adam, lasisi a 2022, ya fara aiki a farkon 2023. Maƙwabciyar Adamawa kuwa, watau Kamaru, a 2024 umarni ta ba ma'aikatan kwastan su ƙwace irin wannan na'ura a kan iyaka saboda ba ta da izini. Tsohon rikicin modem ne ya dawo da sabuwar riga.

To, amma sakin kasuwa bai raba gwamnati da makunnin ba, kuma nan ne babbar damuwarmu take. Ranar 14 ga Mayu, 2013, Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci a jihohin Borno da Yobe da Adamawa saboda rikicin Boko Haram. Cikin 'yan kwanaki aka kashe wayar salula a jihohin uku. A Adamawa sai cikin watan Yuli aka mayar. Makonni bakwai ko fiye, babban ma'aikaci a Karewa da ɗan dako a kasuwar Jimeta duk ɗaya suka zama, kowa da waya a hannu ba ta ko motsi. Mai naƙuda cikin dare ba ta da hanyar kiran mai mota. Ɗan kasuwa ba ya jin abokin cinikinsa. Masu hali suka riƙa yin tafiya mai nisa zuwa inda sabis na jihohin maƙwabta ke kamawa don kawai su ce wa na nesa suna nan lafiya. Mu kuma a nan Kudu muka koma zamanin kaset, muna tsaye a tasha muna tambayar direbobi labarin gida. A Borno har wayar Thuraya mai aiki da tauraron ɗan Adam sojoji suka haramta a watan Yuni na wannan shekara.

Ba mu raina hujjar sojoji ba. Maharan suna amfani da waya wajen shirya hari, sun kuma ƙona turakun kamfanonin waya da dama a Arewa a watan Satumba na 2012. Wanda ke bakin daga yana ganin abin da na gida ba ya gani. Amma sai a auna riba da hasara. A farkon Yulin 2013 aka kai hari makarantar sakandare ta Mamudo a Jihar Yobe aka kashe ɗalibai da dama, kuma gwamnan jihar na lokacin, Ibrahim Gaidam, ya nemi a mayar da waya, domin rashinta ya hana jama'a sanar da jami'an tsaro in sun ga baƙuwar fuska. Wasu malamai biyu na Jami'ar Amurka ta Nijeriya da ke nan Yola sun yi bincike a kan al'amarin, suka buga a 2015. Abin da suka gano shi ne matakin ya taimaki sojoji ta fuskar dabarar yaƙi, amma ya fusata jama'a ya ɓata tsakaninsu da hukuma, su kuwa maharan suka sake salo suka tattara a dajin Sambisa. Kowa ya san kuma cewa a Oktoban 2014 garin Mubi ya faɗa hannunsu, watau kashe wayar bai kawo ƙarshen fitinar ba.

Duk da haka an sake. A watan Satumba na 2021 NCC ta umarci kamfanoni su kashe waya a Jihar Zamfara baki ɗaya, bisa roƙon gwamnatin jihar, saboda 'yan bindigar daji. An ce mako biyu ne, amma a wurare da yawa ya zarce watanni. Wasu ƙananan hukumomi na Katsina da Sakkwato da Kaduna suka bi. Bambancin 2013 da 2021 kuwa babba ne, domin kafin 2021 waya ta riga ta zama banki. Ranar da aka kashe ta, kuɗin da ɗan ci-rani ya tura wa iyali ya maƙale, mai POS ya rufe rumfa, wanda aka tsare wa ɗan'uwa a daji bai san halin da yake ciki ba.

Tambayar da muke yi ita ce wannan. Tun daga Disambar 2020 aka tilasta wa kowa haɗa layinsa da lambar shaidar ɗan ƙasa. Mutanenmu sun bar sana'a sun kwana a layi, an rufe layukan miliyoyin mutane da ba su haɗa ba. Tun kafin wannan ma, a 2015, an ci tarar MTN fiye da Naira tiriliyan ɗaya saboda layukan da ba a yi wa rajista ba, kafin daga baya a rage ta zuwa biliyan 330. Dalilin da aka ba mu shi ne don a riƙa gane mai laifi ta layinsa. In haka ne, me ya sa za a kashe wayar jiha guda saboda mutanen da ke cikin daji? Wake ɗaya yakan ɓata gari, gaskiya ne, amma mai hankali waken yake tsincewa.

Dokar Sadarwa ta 2003, a sashe na 148, ta ba NCC ikon dakatar da aikin waya in an shiga halin ta-ɓaci ko don tsaron lafiyar jama'a. Ikon yana da faɗi ƙwarai, kuma jama'a ba su da wata kafa ta tambayar dalili kafin a zartar. Kotun ƙungiyar ECOWAS da ke Abuja ta riga ta nuna hanya. A 2020 ta ce ƙasar Togo ta tauye hakkin jama'a da ta kashe intanet a 2017, a 2022 kuma ta ce dakatar da Twitter da Nijeriya ta yi daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 ya saɓa wa doka. Bai kamata mu jira sai kotun waje ta sake gaya mana ba.

Saboda haka muna kira ga Majalisar Tarayya ta gyara wannan sashe. Na farko, duk umarnin kashe waya ya kasance a rubuce, a karanta shi a rediyo da harsunan mutanen wurin, a faɗi iyakar yankin da adadin kwanakin. Na biyu, in kwanakin suka cika, kada a ƙara ko yini ɗaya sai da yardar alƙalin babbar kotu ko ta majalisa. Na uku, a taƙaita shi ga inda ake fafatawa, kada a haɗa da manyan garuruwa inda asibitoci da bankuna da kasuwanni suke. Na huɗu, bayan an mayar da waya hukuma ta fito ta gaya wa jama'a abin da aka cim ma, kamfanoni kuma su mayar wa mutane kwanakin kuɗin da suka saka ya ƙone ba su yi amfani da shi ba. Sanatoci da wakilan Adamawa da Borno da Yobe da Zamfara su ne ya kamata su ja gaba, gama mutanensu ne jiki ya gaya wa.

Mu ma da namu aikin. Sarakunan Hausawa na Kudu, da shugabannin kasuwannin shanu da na gwari, da ƙungiyoyin 'yan jiha, su rubuta wa wakilansu takarda a kan wannan batu tun ana zaman lafiya, kada a bari sai waya ta ɗauke a fara salati. Kowa ya yi wa layinsa rajista da sunansa, ya guji sayen layin da wani ya riga ya yi wa rajista, domin irin wannan ne ke ba hukuma hujjar yi wa kowa kuɗin goro. Ya kuma kyautu kowane magidanci ya ajiye lambar wani amintacce a jihar da ke maƙwabtaka da tasu, wanda zai iya kai saƙo da ƙafa in ta ɓaci.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, ya kuma sada kowane matafiyi da iyalinsa cikin alheri, amin.